Ɗiya ce, ba diyya ba

Ubana faifai guda ya yi a duniya, kuma in ban da shi ban san wani abu da ya fara ya gama ba. Gona ya bari rabi a nome. Ɗakin da ya soma ginawa a gidanmu na Wagini har aka yi mini aure bai wuce kafaɗar mutum ba. Mu ma ya bar mu ina da shekara huɗu ko biyar. Abin da na riƙe na ranar shi ne ya ɗora ni a wuyansa, ƙafafuna na lilo a ƙirjinsa, har bakin hanya inda babbar mota ke tsayawa. Ya sauke ni, ya miƙa wa Inna hannuna, ya hau.

Kaduna ya tafi aikin masaƙa. A can ya koyi jita, ya fara tsara waƙoƙinsa da kansa. Ba maroƙi ba ne, wannan ko Inna da ba ta da kalma mai daɗi a kansa ta yarda. Bai wasa sarki ba, bai wasa mai kuɗi ba. Abin da ke cinsa yake faɗa, daga shi sai jitarsa. Daga Kaduna aka kai shi Legas aka ɗauki muryarsa, waƙa takwas, huɗu a kowane gefen faifai. Bai jima bayan nan ba ya rasu a can. Ciwon ƙirji aka ce mana. Ba mu ga gawa ba.

Kafin ya rasu ya aiko mana da faifan ta hannun wani direba. Inna ta zaro shi daga kwali, ta juya shi gaba da baya, ta sa yatsa a ramin tsakiya.

Ta ce, "Wannan ne faifan? Ko ƙwaryar fura ba zai rufe ba, ƙuda zai bi ta nan."

Babu mai garmaho a ƙauyenmu. Ta jefa shi cikin adaka, zafi ya lanƙwasa shi ya koma kamar kasko, ba wanda ya taɓa jin abin da ke ciki.

Sai da na kai wajen shekara goma sha biyu na ji muryarsa. Ranar kasuwar Batsari ce, mun kai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, mai sayar da kaset ya saka shi da ƙarfi. Waƙa ta uku ce. Amshinta gajere ne, yana ta maimaita shi: na bar gida da ɗiya a wuyana, har yau ban sauke ba. Wata mai daddawa da ke kusa da mu ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke, ga ki nan an sa ki a waƙa."

Inna ba ta ɗaga kai daga kwalbar da take aunawa ba. Ta ce, "A wuyansa? A bayana dai."

Gaskiyar Inna ce, ban taɓa musa mata ba. Amma ni a ranar na san cewa mutumin bai manta yana da 'ya ba. Bai aiko da zane ba, bai aiko da takalmi ba, bai zo aurena ba tun da ya riga ya mutu. Kalma guda ce na gada daga gare shi. A wajenmu ɗiya ake cewa, har gobe, mutanen Kano ne ke cewa 'ya. Duk wanda ya ji waƙar daga Batsari har Safana ya san wa ake nufi, kuma shekaru da yawa in ana son a bambanta ni da masu irin sunana sai a ce ɗiyar mai jita.

Ban shiga aji ba sai da na wuce arba'in, bayan maigidana ya rasu na koma Safana kusa da dangin ubana. Ajin yaƙi da jahilci ne na mata, bayan la'asar, a makarantar firamare. Malamarmu ƙanwar bayana ce a shekaru amma ba ta da sassauci a kan abu guda: ƙugiyar da ake yi wa wasu baƙaƙe. In ka rubuta ƙafa ka manta ƙugiya sai ta dawo maka da littafi. Na yi faɗa da ita a kan haka, na ce mai karatu ai yana da hankali, zai gane. Ta ɗauki alli ta rubuta baki a allo, ta rubuta baƙi a ƙasa.

Ta ce, "Yaya, in aka aiko miki takarda an ce ki tanadi abinci saboda wannan na sama, tuwon mutum nawa za ki tuƙa?"

Aka yi mini dariya. Na ji haushi, amma daga ranar ban sake barin ƙugiya a baya ba. Ni da na koyi karatu da furfura, kowane baƙi na san wahalar da na sha kafin ya zauna mini.

Shekarar da ta wuce, bayan an gama girbi, Baffa ya aiko a kira ni. Ƙanen ubana ne, shi kaɗai ya rage a cikinsu, ya baro ƙauye ya dawo Safana lokacin da zama a can ya gagara. Na same shi a zaure a kan buzu. Muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ya gani jiya, yana murza carbi.

Ya ce, "Wagga magana ta ubanki, kin ji ta?"

"Wace magana, Baffa?"

"Wai Turawa sun rubuta ya kashe mutum."

Da ƙyar na tattara labarin daga bakinsa. Shekaru biyu ko uku kafin nan wani mutum ya zo daga Katsina da takardu, ya ce wani kamfani a Turai yana son ya sake buga faifan. Baffa ya dangwala yatsa. Ni ba a neme ni ba, shi ma bai ga dalilin gaya mini ba. To faifan ya fito, kamfanin ya sa bayaninsa a intanet, wani mai jin Turanci ya gani a waya ya fassara wa majalisarsu, daga nan magana ta zaga gari. An ce mawaƙin ya gudu daga ƙauyensu ne saboda jinin wani da ke kansa, ya mutu bai biya diyya ba, kuma shi ya faɗa da bakinsa a waƙa.

Baffa ya ce, "Jiya a bakin masallaci wani ya tambaye ni wa an ka kashe. Ni da ɗan'uwana ko kaza sai ya kira ni in yanka mai."

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba, zai ɗauka abin dariya ne. Mu nan mun ga jini a shekarun nan, mun binne mutane, kuma an san gidajen da ake nuna wa yatsa. Ba a wasa da a ce gidan su wane akwai kisa a tarihinsu. Ni kuma bayan wannan akwai nawa na kaina. In diyya ce a wuyansa, to ni ba na cikin waƙar ke nan.

Babbar 'yata ma'aikaciyar jinya ce a Katsina. Na kira ta, ta yi tambaya, ta gano akwai wani Alhaji a unguwarsu, tsohon ma'aikacin gwamnati, mai tara fayafayai, kuma ya sa an kawo masa sabon bugun. Na hau bas na tafi.

Da azahar muka shiga gidansa ni da 'yata. Ɗaki guda ya ware, bango biyu duk fayafayai ne a tsaye cikin kanta, ga lasifika biyu kowace ta kai tsayin yaro ɗan shekara bakwai. Ya tarbe ni da Hajiya sannu, Hajiya bismilla. Na ce masa ban je ba tukuna, amma ya ci gaba, Allah ya amsa daga bakinsa.

Kafin ya taɓa faifan sai da ya wanke hannu ya goge. Ya zaro shi da tafin hannu biyu ta gefe-gefe, yatsa bai taɓa fuskarsa ba. Ya ɗora, ya share shi da wani burushi mai laushi, ya kawo ɗan ma'auni ya auna nauyin allurar. Na miƙa hannu in taɓa kwalin ya ce in dakata.

Na ce, "Alhaji, 'ya'ya bakwai na haifa, ba wanda aka yi wa wannan lallaɓar."

Ya yi dariya, ya shiga yi mini bayani. Wai wannan ba irin na da ba ne, ya fi kauri, ya fi nauyi, ba ya lanƙwashewa da wuri. Wai sun gano ainihin tef ɗin da aka ɗauki muryar a wani sito a Legas, danshi ya kama shi, sai da aka gasa shi a hankali kwana da kwanaki kafin ya yarda ya juya. Daga shi aka yanka wannan kai tsaye, ba a bi ta kwamfuta ba. Wannan maganar ta kwamfuta sau uku ya faɗe ta, yana kallona in yi mamaki. Na ce ya saka mu ji.

Ban shirya wa abin da na ji ba. A kaset da na sani, muryar tana fitowa ne ta cikin wani shuu kamar ana ruwa a kan kwano. Nan babu komai sai mutumin. Na ji kujerar da yake zaune ta yi ƙara. Na ji yatsansa na gogar tsirkiya in ya sauya wuri. Kafin waƙa ta biyu ya yi gyaran murya, irin na Baffa sak, har 'yata ta waiga ta dube ni. Da aka zo ta uku na ji ya ja numfashi, sannan ya faɗe ta. Ɗiya. Harshensa ya manne a dasashi ya saki, yadda kowane ɗan Wagini ke faɗa. Ko kurma ya sa hannu a lasifikar zai san ba diyya ya ce ba.

Na ce a ba ni takardar da ke cikin kwalin. Littafi ne ƙarami, takarda mai santsi, da hoton ubana yana saurayi ya rungume jita. Hausa a hagu, Turanci a dama. Turancin 'yata ta karanta ta fassara mini, Hausar kuwa ni na bi ta da yatsa layi-layi. Tun daga farko har ƙarshe babu ƙugiya ko ɗaya. A tsohon kwalin na Legas, wanda suka sa hotonsa a baya, sunan waƙar an rubuta shi DIYA da manyan baƙaƙe, don maɗaba'ar lokacin ba ta da namu. Wanda ya kwafe waƙar yanzu ya ga haka, ya ɗauka kuskure ne, ya gyara. Ya ƙara y guda. Daga wannan y ɗin wani ya zauna ya rubuta shafi biyu a kan mawaƙin da ya zubar da jini ya gudu birni, alhaki yana cinsa.

Na tambayi Alhaji, "Kai ka san waƙar nan?"

"Tun ina saurayi. Na haddace ta."

"Me ya ce?"

"Ɗiya mana."

"Ka karanta wannan?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce ya gani, ya yi dariya, ya mayar cikin kwali. Shi sauti ya saya.

Na ce, "Ka auna allura don kada ta ji wa roba ciwo, amma an rubuta Musulmi ya yi kisa ka yi dariya ka mayar cikin kwali."

'Yata ta ce, "Inna, a gidansa muke."

Na ce na sani, shi ya sa na tsaya a nan.

Alhaji mutumin kirki ne, bai riƙe ni ba. A ranar ya rubuta wa kamfanin. Sati biyu ba amsa, ya sake rubutawa. Daga baya suka sa rana za a yi magana ta waya mai hoto, na sake hawa bas. A wayar akwai wata Baturiya mai gajeren gashi, ita ce ta shirya bugun, da kuma wanda ya kwafe waƙoƙin ya fassara. Bahaushe ne, mutumin Kano, yana karatu mai zurfi a can. Ya gaishe ni da ladabi, Mama ina wuni, Mama ya gida. Sannan ya fara kare kansa. Ya ce mawaƙa sukan saka ma'ana biyu a kalma guda. Ya ce abin da ake cewa yana wuyan mutum, ai alhaki ne ko diyya. Ya ce ya duba ƙamus.

Na ce, "Ɗana, ƙamus ɗin ne ya yi waƙar? Alhaji, saka masa."

Alhaji ya ɗora allura a kan ta uku, 'yata ta kara wayar a lasifika. Muka bari amshin ya zo sau biyu.

"Me ka ji?"

Sai ya ce lokacin da ya yi aikin ba a gama gyara tef ɗin ba, wani tsohon kwafi mai ƙarce-ƙarce aka turo masa, da hoton kwalin. Ya ce shi sabon faifan ma bai saurara ba, ba shi da garmaho.

Na ce, "Ban tambaye ka wannan ba. Me ka ji?"

"Ɗiya, Mama."

"Sake faɗa, ita ma ta ji bambancin."

Ya faɗa, ya faɗi ɗayar, ya yi wa Baturiyar bayani da Turanci. Na ga ta dafe goshi. Ta tambayi wani abu, ya juyo gare ni ya ce tana son ta sani ko an san wace ɗiya ce, ko tana raye. Na ce ya gaya mata ita ce ta biya kuɗin mota sau biyu daga Safana.

Matar ta ba da haƙuri sosai, ban ƙi ba, amma na ce haƙuri ba ya karantuwa a cikin kwali. Ta faɗi abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Waɗanda aka riga aka sayar sun tafi ƙasashe daban-daban, ba mai dawo da su. Bayanin da ke intanet za a cire shi a ranar. Sauran da ke ajiye za a saka wa kowanne takardar gyara, in kuma an yi bugu na biyu za a sake littafin gaba ɗaya. Na ce na yarda, da sharaɗin in ga takardar kafin a buga.

Ta farko da suka turo, inda ɗ ya kamata ya zauna wani ɗan akwati ne ba komai a ciki. Irin rubutun da suka zaɓa wa littafin ba shi da baƙin. Ta biyu suka sa d da ɗan ɗigo a rataye a gefensa. Alhaji ya ce ai haka ake yi a da, in bari ya wuce. Na ce abin da ke rataye a gefe gobe wani zai ɗauka datti ne ya goge, mu koma inda muka fito. Ƙugiya a jikin baƙin nake so. Aka yi kwana biyu ba labari, sai matar ta aiko cewa in na yarda in rubuta da hannuna, su ɗauki hotonsa su buga haka, fassarar ta bi a ƙasa.

Kwana uku na yi a kai. Rubutuna manya ne kuma suna gangarowa ƙasa in ba layi, sai da na ja layi da fensir na goge daga baya. Na yaga takarda biyar. Ta shidan ita ce wannan:

"Kalmar da ke cikin waƙa ta uku ɗiya ce, wato 'ya mace. Ba diyya ba ce. Ubana bai kashe kowa ba. Ya tafi ya bar 'yarsa tana ƙarama, ni ce. Laifinsa ke nan, kuma shi ya fara faɗarsa."

Matar ta aiko tana tambaya ko zan ƙara layi guda in ce na yafe masa, wai masu saye za su so haka. Na ce gyaran kalma aka ce in yi. Abin da ke tsakanina da ubana ba na sayarwa ba ne, kuma ni kaina ban gama sanin inda ya tsaya ba. Suka buga yadda na rubuta.

Bayan wata biyu aka aiko mini da faifai guda da takardar gyara goma ta hannun Alhaji. Faifan na bar shi a wurinsa, tun da shi ke da abin saka shi, in na je Katsina nakan shiga in ji gefe guda. Takardun na kawo Safana. Na je zauren Baffa da hantsi, lokacin da abokansa uku ke zaune, ciki har da wanda ya yi masa tambayar nan a bakin masallaci. Na gaishe su, na ce Baffa ga saƙon Turawa, na karanta a tsaye.

Baffa ya karɓi takardar ya kai ta kusa da ido, ko da yake boko bai sani ba. Ya ce, "Wannan hannunki ne?"

"Nawa ne."

"To na ƙarshen nan fa? Sai da kin ka tona shi."

"Baffa, da bakinsa ya faɗa, duniya ta ji. Ni rubutawa kawai na yi."

Mai tambayar ya ce shi dama bai yarda ba, ya san gidan. Baffa bai ko dube shi ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ce in bar masa guda uku. Ranar Juma'a bayan an sauko ya sa limamin unguwa ya karanta wa waɗanda suka tsaya, har da layin ƙarshen bai ce a tsallake ba.

Maganar ta mutu a Safana, in ban da mutum ɗaya ko biyu da ba sa son labari mai daɗi ya lalace musu. Bugu na biyu har yanzu ba a yi ba, Alhaji ya ce sai na farko ya ƙare. Waɗanda suka saya da wuri kuwa suna can da littafinsu na farko, suna sauraron ubana yana cewa ɗiya a fili, suna karanta wani abu dabam. Na tambayi matar ko tana da adireshinsu. Ta ce na wasu. Na ce ta aika wa waɗannan, ta ce za ta yi, kuma duk wata nakan sa 'yata ta tuna mata.